Shigeru Miyamoto, Mutumin da Ya Ƙirƙiro Mario

 

Ranar 21 ga Agusta 2016, daren da aka rufe gasar Olamfik a birnin Rio na ƙasar Burazil, an zo wurin da Japan za ta gabatar da kanta, domin ita ce za ta karɓi baƙuncin gasa ta gaba. Sai ga wani ƙaton bututu kore a tsakiyar fili, mutum ya ɓullo daga cikinsa da jar hula. Firayim Ministan Japan ne na lokacin, Shinzo Abe, ya yi shigar Mario. Ƙasar da ke da kamfanonin motoci da jiragen ƙasa masu gudun tsiya, da ta tashi nuna wa duniya fuskarta, sai ta ɗauko wani ɗan gajeren mai gyaran famfo na cikin wasan bidiyo. Da yawa daga cikinku kun san shi, ko kun buga shi kuna yara, ko kun ga 'ya'yanku suna bugawa. Yau za mu duba rayuwar mutumin da ya zana shi, Shigeru Miyamoto, mu ga abin da sana'ar ƙirƙirar gem take nema daga mai yin ta.

An haifi Miyamoto ranar 16 ga Nuwamba 1952 a Sonobe, wani ƙaramin gari na karkara a lardin Kiyoto. Gonakin shinkafa ne da duwatsu da daji suka kewaye garin. Yana ƙarami babu talabijin a gidansu, saboda haka abin wasansa shi yake haɗa kayansa. Yakan sassaƙa itace, ya yi 'yan tsana ya shirya musu wasan kwaikwayo, ya cika littattafai da zane. Sauran lokacin kuma yana yawo a bayan gari. A irin wannan yawon ne wata rana ya ci karo da bakin wani kogo. Bai shiga ba a ranar, tsoro ya hana shi. Daga baya ya dawo da fitila, ya kutsa kai, ya tarar ramin yana kaiwa ga wani ramin. Ku riƙe wannan kogon a zuciya, domin za mu sake haɗuwa da shi bayan shekaru kusan talatin.

Burinsa na farko shi ne ya zama mai zanen littattafan labari, irin waɗanda Japanawa ke kira manga. Da ya ga ba zai kamo manyan masu wannan sana'a ba, sai ya tafi kwalejin zane-zane ta Kanazawa ya karanta tsara kayayyakin masana'antu, wato yadda ake zana kujera ko abin wasa ko kayan gida kafin a ƙera su. Ba ɗalibi ne mai naci ba. Kiɗan jita da banjo sun ci masa lokaci, har karatun ya ɗauke shi shekara biyar.

A 1977 mahaifinsa ya bi ta hannun wani aboki ya samar masa damar ganin Hiroshi Yamauchi, shugaban kamfanin Nintendo. Kamfanin tsoho ne, tun 1889 aka kafa shi a Kiyoto yana buga katin karta, kuma a lokacin yana lalube a harkar kayan wasan yara da na lantarki. Abin da saurayin ya kai don nuna gwanintarsa ba shi da alaƙa da kwamfuta ko kaɗan. A ciki har da maratayin kaya na yara, wanda ya yi masa kawunan dabbobi, ya kuma tsara shi yadda ƙaramin yaro zai iya rataye rigarsa da kansa. Yamauchi ya duba, ya ɗauke shi aiki a matsayin mai zane. Ni a ganina wannan maratayin kayan ya riga ya faɗi komai game da mutumin. Tun kafin ya san gem, tambayar da ke kansa ita ce yadda abu zai zauna a hannun wanda zai yi amfani da shi.

Shekarunsa na farko ya yi su yana zanen jikin akwatuna da hotunan wasannin da wasu suka tsara. Damarsa ta zo ne ta hanyar asara. A wancan zamanin gem ba a waya yake ba, kuma wanda ya fi tashe ba na gida ba ne. Akwati ne tsayin mutum, da allo da madannai, ana ajiye shi a shaguna da wuraren shaƙatawa, ka jefa sulai ka yi wasa. Reshen Nintendo na Amurka, wanda surukin Yamauchi mai suna Minoru Arakawa ke shugabanta, ya yi odar akwatuna 3,000 na wani wasan harbi mai suna Radar Scope. Amurkawa ba su so shi ba. Kusan 2,000 suka yi kwantai a sito, kuɗin reshen ya maƙale. Arakawa ya roƙi a aiko masa da sabon wasa da za a zuba a cikin tsofaffin akwatunan. Manyan injiniyoyin kamfani duk suna kan wasu ayyuka, sai aikin ya faɗo kan mai zanen da bai taɓa tsara gem ba, aka haɗa shi da gogaggen injiniya Gunpei Yokoi ya riƙa duba shi.

Miyamoto bai iya rubuta manhaja ba. Wani kamfani ne daban, Ikegami Tsushinki, ya yi wannan ɓangaren. Abin da ya kawo shi ne abin da sauran ba su saba farawa da shi ba, wato labari. Da farko an so a yi amfani da Popeye, jarumin zanen Amurka, izini bai samu a kan lokaci ba. Sai ya ƙirƙiri nasa mutanen: goggon biri ya sace wata budurwa ya hau da ita saman gini, wani kafinta yana bin sa ta kan tsani, birin yana gangaro masa da ganguna, shi kuma yana tsallakewa. Wannan shi ne Donkey Kong, wanda ya fito a 1981. Cikin kamar shekara guda an sayar da akwatuna wajen 60,000 a Amurka. Kamfanin fina-finai na Universal ya kai ƙara cewa an kwaikwayi King Kong, kotu ta ba Nintendo gaskiya.

To, ku saurari yadda aka yi kafintan nan ya samu kamanninsa, domin a nan sana'ar take. Hoton da ke kan allon gem ɗigo-ɗigo ne, kuma na'urar wancan lokaci ba ta ba shi fili fiye da ɗigo 16 a tsaye, 16 a kwance, da launi uku kacal. A wannan ɗan wuri baki ba zai fito ba, sai ya sa masa gashin baki, da babban hanci, fuska ta bayyana. Zana gashin kai yana motsi idan mutum ya yi tsalle wahala ne, sai ya kifa masa hula. Idan riga da hannu launinsu ɗaya ne ba za a ga hannu yana lilo ba sa'ad da yake gudu, sai ya sa masa wando mai rataya a kafaɗa, launinsa daban da na riga. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki, in ji masu iya magana. Duk abin da duniya ta san Mario da shi yau, ƙarancin kayan aiki ne ya haife shi. Sunan kuwa a Amurka aka raɗa masa, daga Mario Segale, mai siton da reshen ke haya a jihar Washington. A wasa na gaba, Mario Bros. na 1983, da aka mayar da fagen cikin bututun ƙarƙashin ƙasa, kafinta ya koma mai gyaran famfo.

A shekarar 1983 ɗin ne kasuwar gem ta Amurka ta durƙushe. Kamfanoni sun cika shaguna da wasanni marasa inganci, masu saye suka gaji, har kamfanin Atari ya kwashi kasakasan da suka ƙi sayuwa ya binne a wani juji a jihar New Mexico. 'Yan kasuwa da dama suka ce yayi ne, ya wuce. A Japan kuwa, a watan Yulin wannan shekarar Nintendo ta fitar da na'urar gida mai suna Famicom, wadda ake jona wa talabijin. Domin ita aka yi Super Mario Bros., wanda ya fito ranar 13 ga Satumba 1985, aka kuma sayar da kwafi sama da miliyan 40. Shi ne babban abin da ya sake buɗe ƙofar gidajen Amurka ga wasan bidiyo.

Bari mu tsaya a kan wannan wasa, mu dube shi da kyau. Gaba ɗayansa, da hotuna da kiɗa da matakai 32, kilobayit 40 ne. Hoto guda da kuka ɗauka da wayarku ya ninka shi nauyi sau da yawa. Don a yi tattalin wuri, gajimaren da ke sama da ciyayin da ke ƙasa zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya. Miyamoto da abokin aikinsa Takashi Tezuka a takarda suke zana kowane mataki, takarda mai gida-gida kamar littafin lissafin 'yan firamare, su cike gidajen da hannu, su miƙa wa Toshihiko Nakago da mutanensa su shigar a na'ura. Idan ana son gyara, sai a ɗora wata takarda mai shara-shara a kai a zana. Kiɗan da har yau wasu ke sa wa a wayoyinsu Koji Kondo ne ya tsara, kuma sai da ya yi ta buga wasan yana daidaita kiɗan da saurin gudun Mario.

Yanzu ku rufe ido ku tuna matakin farko. Mario yana tsaye a gefen hagu, fuskarsa na duban dama, gabansa fili fetal. Ba wanda ya ce maka ka tafi dama, amma ina kuma za ka? Ka yi 'yan taku, sai ga wata 'yar halitta mai haɗe gira tana tahowa a hankali. Idan ka tsaya ta taɓa ka, ka mutu, amma ba ka yi asarar komai ba, domin yanzu ka fara. Karo na biyu za ka danna maɓalli, ka gane akwai tsalle. Da farko kunkuru suka so su sa a wurin, suka ga ya yi wa sabon shiga wuya, sai suka ƙirƙiri wannan da taka ta sau ɗaya ya wadatar. A saman kanka akwai tubali mai alamar tambaya yana walƙiya. Wa zai ga alamar tambaya bai taɓa ba? Ka buga shi da ka, kuɗi ya fito. Ka buga na gaba, laimar kwaɗi ta fito ta fara tafiya. Tana kama da abin da ya kashe ka ɗazu, don haka zuciyarka za ta ce ka guje ta. Masu tsara wasan sun san haka. Sai suka sa ta gangaro, ta bugi koren bututun da ke gaba, ta juyo kanka, ga tubala a sama sun tare maka hanyar tsalle. Kusan dole ta same ka. Tana taɓa ka sai ka ga Mario ya ƙara girma. Ka koyi darasi ba tare da an rubuta maka kalma ɗaya ba. Can gaba akwai matakala biyu da ƙasa a tsakaninsu, idan ka faɗa ba abin da zai same ka. Nan kusa kuma ga irinsu, amma wannan karon rami ne a tsakani. An ba ka wurin gwaji kafin a kawo jarrabawa.

Shi ya sa yaron da bai san Japananci ba, bai san Turanci ba, ko ƙaramin baƙi bai fara ganewa ba, zai ɗauki abin wasan cikin minti biyu ya san abin yi. Ina ganin duk mai koyarwa, malamin aji ne ko mai koya wa yara sana'a a shago, akwai abin dubawa a nan. Mutumin ya girmama hankalin mai wasa. Bai cika shi da bayani ba, bai kuma wulaƙanta shi da wahalar da ba ta da dalili ba.

A daidai lokacin da suke aikin Mario, suna kuma aikin wani wasan da ya saɓa masa. Mario hanya ɗaya ce, daga hagu zuwa dama. Shi wannan, The Legend of Zelda, wanda ya fito a Fabrairun 1986, sai a ajiye ka a tsakiyar daji ba makami, ba wanda zai nuna maka gabas ko yamma. Abu na farko da idonka zai gani a allon shi ne baƙin bakin kogo. Ka shiga, ka tarar da wani tsoho ya ba ka takobi. Miyamoto ya sha faɗa cewa abin da ya so ya ba yara shi ne irin abin da ya ji a dajin Sonobe, faɗuwar gaba da ɗoki a lokaci guda. Wasu a kamfanin sun ji tsoron mutane za su ruɗe. Shi kuwa so yake su ruɗe ɗin, su je su tambayi abokansu a makaranta, wannan ya ce na ƙona wata bishiya na ga matakala, wancan ya ce na fasa bango na ga ɗaki. Kaset ɗin da aka kai Amurka a 1987 an sa masa ɗan batir a ciki, domin mutum ya ajiye inda ya tsaya ya dawo gobe ya ci gaba.

Da na'urori suka ƙara ƙarfi, aikin ya sauya. Wasan da mutum biyar ko shida ke yi ya koma na mutum hamsin, ɗari, har fiye. Akwai masu rubuta manhaja, masu zane, masu kiɗa da sauti, masu tsara matakai, da masu gwaji waɗanda aikinsu shi ne su yi ta buga wasan suna neman inda ya lalace. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Miyamoto ya zama mai jagora da sa ido. Amma a Super Mario 64 na 1996, inda karon farko Mario ke iya juyawa kowace kusurwa, ya koma tushe. Kafin a gina matakai, an ɗauki tsawon lokaci ana gyaran abu ɗaya tak: yadda Mario ke gudu, ya tsaya, ya juya, ya yi tsalle, yana bin wani zomo a fili. Ra'ayinsa shi ne idan motsin kansa bai yi daɗi a yatsa ba, duk adon da za a ɗora daga baya banza ne. Bayan shekara biyu wasan Zelda mai suna Ocarina of Time ya biyo, wanda masu sharhi da yawa ke sa shi a sahun farko na wasannin da aka taɓa yi.

Daga nan kusan duk abin da ya shiga rayuwarsa sai ya fito a allo. Ya kama aikin lambu a gida, kallon ƙananan halittu a cikin ciyawa ya taimaka wajen haifar Pikmin a 2001. Iyalinsa suka samu kare, aka yi Nintendogs a 2005. Ya shiga ɗabi'ar hawa sikeli kullum yana rubuta nauyinsa, aka yi Wii Fit a 2007, wanda ya sayu sama da miliyan 22, har dattawan da ba su taɓa riƙe abin gem ba suka hau. Ya ma taɓa gaya wa taron masu sana'ar a 2007 cewa ma'auninsa matarsa ce, wadda gem bai dame ta ba. Idan wasa ya ja hankalinta, to an yi aiki.

Kada ku ɗauka komai ya taɓa zinariya ne. Wii Music na 2008, wanda ya sa ransa a kai ƙwarai, bai samu karɓuwar da ya yi fata ba. Na'urar Wii ta sayu sama da miliyan 100, amma magajiyarta Wii U ta 2012 ta tsaya a wajen miliyan 13 da rabi. Kamfani ya shiga asara. A farkon 2014 shugaban kamfanin na lokacin, Satoru Iwata, ya zaftare rabin albashinsa na wasu watanni, Miyamoto ya rage kashi 30 cikin ɗari na nasa. Iwata ya riga ya gaya wa masu hannun jari cewa ba ya ganin ma'aikacin da ke fargabar kora zai iya yin wasan da zai burge duniya. Aiki a ƙarƙashin Miyamoto ma ba hutu ba ne. Ma'aikatansa suna da suna ga wata ɗabi'arsa, suna cewa ya kifar da teburin shayi. Wato an yi watanni ana gini, ya zo ya buga, ya ce bai yi ba, a koma baya. Wanda ya kwana a ofis kan wannan aikin ya san zafin abin. Akwai kuma masu sukarsa cewa yakan rage wa labari daraja, ya fifita motsi a kan komai. Ina ganin sukar tana da ƙamshin gaskiya, ko da yake yana cikin waɗanda suka fara shigo da labari cikin akwatin sulai.

Wani abin da ya kamata matasa masu sha'awar wannan hanya su sani shi ne, Mario ba mallakar Miyamoto ba ne, mallakar Nintendo ne. Shi ma'aikaci ne mai albashi tun 1977, bai taɓa barin kamfanin ba. Haka sana'ar take ga mafi yawan masu yin ta: sunan kamfani ne a jikin kwali, naka yana can cikin jerin da ke wucewa bayan an gama wasa.

Iyaye masu saurare, na san wasunku na cewa, wannan abin da ke hana yaro karatu da barci shi ake yabo? Damuwarku tana kan hanya. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin jerin cututtukan da ta amince da su, wato idan wasa ya fi ƙarfin mutum har ya danne karatu da aiki da zumunci na tsawon lokaci. Sa wa yaro iyaka wajibi ne, da sanin irin wasan da ke cikin wayarsa, domin ba duka ne suka dace da yara ba. Amma idan kun ga yaro ya wuce bugawa kawai, yana tambayar yadda aka yi abin, yana zana nasa a bayan littafi, yana sauya dokokin wasan da suke yi a ƙofar gida don ya fi daɗi, wannan wata baiwa ce daban, a taimaka masa da lissafi da zane da karatu. Kai kuma saurayi, ka lura cewa abubuwan da Miyamoto ya zuba a wasanninsa daga daji da kiɗa da lambu ya ɗebo su. Wanda bai san komai ba sai allo, abin da zai iya yi shi ne maimaita wasan wani.

Girmamawa ta zo masa daga wurare da dama. Faransa ta ba shi lambar yabo ta fasaha da adabi a 2006, Sifaniya ta ba shi kyautar Yariman Asturias a 2012, a 2019 kuma gwamnatin Japan ta sa shi cikin mutanen da ta karrama saboda hidimar al'ada, shi ne na farko daga masu ƙirƙirar wasan bidiyo. Bayan rasuwar Iwata a Yulin 2015, ya ja baya daga jagorancin wasanni na yau da kullum, ya bar wa waɗanda ya rena irin su Eiji Aonuma da Yoshiaki Koizumi. Hankalinsa ya koma kan fitar da Mario daga cikin na'ura. A 2021 aka buɗe filin shaƙatawa na Super Nintendo World a birnin Osaka, a cikin harabar Universal, kamfanin nan da ya taɓa maka su a kotu. A 2023 fim ɗin Mario da ya shirya tare da Chris Meledandri ya tara sama da dala biliyan 1.3. A ƙarshen wannan shekarar ya sanar cewa ana aikin fim ɗin Zelda da 'yan wasa na zahiri, a Oktoban 2024 kuma aka buɗe gidan tarihin Nintendo a garin Uji, a wurin da tsohuwar masana'antar kamfanin take.